Kuta Tsakanin Dogo da Tafki: Tarihin Bunƙasar Wani Garin Ƙasar Gbagyi

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin garuruwa sun daɗe da lura da cewa gari ba ya bunƙasa sai da dalili. Wani kasuwa ce ke raya shi, wani sarauta, wani kuwa mashigin ruwa ko mahaɗar hanyoyi. Garuruwan bakin teku, irin su Ikko da Kalaba, da na bakin manyan koguna, irin su Lakwaja da Yawuri, ruwa ne ya kafa su, kuma da shi aka san su tun fil azal. Sai dai akwai wani rukuni na garuruwa waɗanda asalinsu na tudu ne, ba su nemi ruwa ba, ruwan ne ya iske su a inda suke bayan an datse wani kogi. Kuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro ta Jihar Neja, tana cikin wannan rukuni.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda matsayin Kuta ya riƙa sauyawa tun daga ƙarni na 19 zuwa yau. Za a nuna cewa manyan sauye-sauyen da garin ya gani sun biyo bayan ayyuka ne da aka tsara daga nesa domin biyan bukatar wasu wurare, wato hanyar jirgin ƙasa da madatsun ruwa, kuma a kowane karo ƙasar Kuta ta bayar da ƙarfin mutanenta ko gonakinta, amma mafi yawan amfanin ya zarce gaba. Daga ƙarshe za a dubi alamun da wannan tarihi ya bari a harshe, musamman a sunayen wurare.

2.0 Ƙasar Kuta da Mutanenta

Kuta tana arewa maso gabas da Minna, kuma hanyar motar da ta haɗa su ta bi ta Gwada. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, mai isasshen ruwan sama, wadda Kogin Kaduna ya ratsa a kan hanyarsa ta zuwa Zungeru da Wushishi kafin ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe. Doya ita ce babban abin da ake nomawa, sai dawa da masara da gyaɗa, da shinkafa a fadamu. Faɗin Ƙaramar Hukumar Shiroro ya kai murabba'in kilomita 5,015, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 235,404.

Mafi yawan mazaunan ƙasar Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari ko Gwarawa. Akwai kuma Bassa da Gurmana, da Fulani makiyaya, da Hausawa 'yan kasuwa da malamai. Harshen Gbagyi ɗan'uwan Nufanci ne na kusa, kuma tun da daɗewa Hausawa suka rarrabe manyan rassansa biyu da sunayen Gwarin Genge da Gwarin Yamma. Masana harsuna suna lissafa karin harshen Kuta a cikin na reshen farko. An fara nazarin harshen da wuri, domin Frank Edgar, wanda ya tattara tatsuniyoyin Hausa, ya wallafa nahawunsa a 1909, sa'an nan Larry Hyman da Daniel Magaji suka fitar da nasu a Ibadan a 1970.

3.0 Kuta Kafin Zuwan Turawa

Dangantakar Gbagyi da ƙasar Hausa tsohuwa ce, tun da har sunan Gwari ya fito a jerin ƙasashen da labarin Bayajida ya kira Banza Bakwai. Amma Gbagyi ba su taɓa haɗuwa a ƙarƙashin daula guda ba. Kowane babban gari yana da sarkinsa da ƙauyukan da ke bin sa, kamar Kuta da Bosso da Paiko da Galadima Kogo da Allawa. Wannan tsari ya dace da mutanen da noma ne sana'arsu, amma ya bar su a rarrabe a lokacin da maƙwabta masu dawaki da bindiga suka yi ƙarfi.

A ƙarni na 19 ƙasar ta sami kanta a tsakiyar dauloli huɗu. Daga arewa maso gabas akwai Zazzau ta Fulani. Daga kudu maso gabas akwai Abuja, wadda zuriyar sarakunan Haɓen Zazzau suka kafa a 1828, wato Suleja ta yanzu. Daga kudu maso yamma akwai Bida. Daga arewa maso yamma kuma akwai Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya kafa bayan ya yi sansani a Wushishi. Hare-haren Nagwamatse da na magadansa, musamman ɗansa Ibrahim, sun kwashe mutane da yawa daga ƙasar Gwari zuwa kasuwannin bayi. Dabarar da Gbagyi suka yi ita ce su tare a garuruwa masu ganuwa ko su hau kan duwatsu, suna saukowa gona da rana. Tsohuwar Minna kanta ƙauye ne a kan dutsen Paida.

Abin lura a nan shi ne matsayin Kogin Kaduna a wancan zamani. Manyan jiragen fatauci da ke tasowa daga Kwara ba sa wuce yankin Wushishi, saboda duwatsu da gangaren ruwa da ke gaba. Saboda haka kogin bai zama hanyar ciniki ga mutanen Kuta ba. Iyaka ne da kariya: da damina ya cika ya raba ƙauyuka, da rani ya janye a ƙetare shi da ƙafa ko da ƙaramin kwalekwale. Ƙarfin Kuta ya dogara ne ga yawan jama'arta da albarkar gonakinta da sarautarta, ba ga ruwa ba.

4.0 Mulkin Turawa da Hanyar Jirgin Ƙasa

Turawan Ingila sun kafa mulkinsu a Arewa a 1900 a ƙarƙashin Lugga. A 1901 suka ci Kwantagora da Bida, a 1902 kuma suka mai da Zungeru hedikwatar Arewa baki ɗaya. Da haka ƙasar Gwari, wadda dā take bayan gari, ta zama maƙwabciyar fadar gwamna. Da aka zo yanka ƙasa domin sauƙin mulki, sai aka sa wa yankin Gbagyi na wannan sashe sunan Kuta, aka ɗora masa Di'o. Wannan shi ne matsayi mafi girma da garin ya taɓa samu, domin sunansa ya rufe garuruwan da dā ba sa bin sa, har da Minna.

Sai dai tsarin mulkin Turawa na bi ta hannun sarakuna ya gamu da cikas a nan. A Kano ko Bida akwai sarki guda da hakimansa, umurni ya sauka daga sama har ƙauye. A ƙasar Gbagyi babu wannan tsani, don haka Turawa suka shiga ɗora wasu garuruwa a kan wasu, suna naɗa waɗanda suka ga dama, domin a sami mai tara haraji da mai kawo ma'aikata.

Bukatar ma'aikata ta tsananta daga 1907, lokacin da Gwamna Girouard ya ɗauki aikin shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, tafiyar mil 356. Manufar aikin ita ce fitar da amfanin gonar ƙasar Hausa zuwa teku. Audugar da masaƙun Ingila ke bukata aka sa a gaba, ko da yake daga baya gyaɗa ce ta cika taragun. Hanyar ta ratsa ƙasar Nufe da ta Gwari, kuma daga ƙauyukansu aka riƙa ɗibar masu haƙa da masu ɗaukar ƙasa ta hannun sarakuna, ko mutum yana so ko ba ya so, wani lokaci ma a tsakiyar aikin gona. A cikin wannan yanayi na haraji da aikin tilas da naɗin dole ne rikicin Gussoro ya auku a watan Mayu na 1909. Wani jami'in mulki mai suna Vanrenen ya tafi garin da 'yan sanda domin ya zaunar da sarkin da mutane suka ƙi, sai aka yi musu kwanton ɓauna, aka kashe shi da wasu daga cikin 'yan rakiyarsa. Turawa suka aika da soja suka murƙushe garin. Gussoro tana cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro ta yau.

Dogo ya isa Kano a 1911, amma bai bi ta Kuta ba. A gindin dutsen Minna ya bi, kuma a nan ne aka haɗa shi da layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru. Mahaɗar nan ita ce ta yanke wa garuruwan biyu hukunci. Leburori da 'yan kwangila da akawuna da 'yan kasuwa, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, suka tare a bakin tasha. Doya da gyaɗa da man kaɗanya na ƙasar Kuta suka koma bin hanyar Minna domin su hau jirgi. Bayan an mai da hedikwatar Arewa Kaduna a 1917, Zungeru ta dusashe, ofisoshin mulki suka riƙa taruwa a Minna har ta zama hedikwatar Lardin Neja. Daga bisani sunan yankin ma ya tashi daga Kuta ya koma Minna.

Sarauta ita ma ta bi jirgi. A 1950, da aka ga ya kamata sabon garin ya sami sarki guda, daga gidan sarautar Kuta aka ɗauko Alhaji Ahmadu Bahago aka naɗa shi Sarkin Minna, kuma Alhaji Umaru Faruku Bahago ya hau gadon a 1988. Ana iya kallon wannan ta fuska biyu. Ta wata fuska ɗaukaka ce ga Kuta, domin gidanta ne ya shugabanci masarautar. Ta ɗaya fuskar kuwa ita ce shaidar ƙarshe cewa cibiya ta ƙaura, tun da fada da kotu da baitulmali duk a Minna suke. Ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, da Minna a matsayin babban birninta, ya ƙara faɗaɗa tazarar.

5.0 Madatsar Shiroro da Samuwar Gaɓa

Abin da ya hana Kogin Kaduna zama hanyar fatauci shi ne ya jawo hankalin injiniyoyi. A Shiroro kogin ya matse tsakanin duwatsu, kuma irin wannan wuri ake nema domin datse ruwa. Bayan madatsar Kainji ta 1968 da ta Jebba ta 1985, dukkansu a kan Kwara, sai aka ƙaddamar da tashar lantarki ta Shiroro a 1990. Tsayin bangon madatsar mita 115 ne, tsawonsa mita 700, kuma tana da injuna huɗu masu bayar da megawat 150 kowanne, jimilla megawat 600. A 2013 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin North South Power jinginar gudanar da tashar.

Ruwan da ya taru a bayan bangon ya zama tafki mai faɗin gaske, ya shanye fadamu da gonaki da ƙauyukan da ke kwarin kogin, aka tashi mazaunansu zuwa tudu. Wannan ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Tafkin Kainji ya haɗiye tsohuwar Bussa har aka gina sabuwa, haka kuma tafkin Volta na ƙasar Gana ya cinye tsohon garin Kete-Krachi, inda shahararren malamin nan Alhaji Umaru ya zauna a zangon Hausawa har rasuwarsa a 1934. Bambancin Kuta shi ne ruwan bai taɓa garin kansa ba. Ƙasarta ce ta wayi gari da doguwar gaɓa wadda ba ta da ita a dā.

Gaɓar ta zo da sababbin sana'o'i. Su, wanda dā aikin rani ne na ɗan lokaci, ya zama sana'ar shekara, kuma ya jawo baƙin masunta da suka kafa tungaye a bakin ruwa. Fito ya zama sana'a mai zaman kanta, da jiragen katako masu inji. Zumba, da ke kusa da madatsar, ta zama kasuwar bakin ruwa inda kifi da doya da hatsi da dabbobin ƙetare ke sauka, daga nan motoci su kwasa zuwa Gwada da Kuta da Minna. Wato dai Zumba ta zama tasha, Gwada mahaɗa, Kuta kuma mazaunin hukuma, inda sakatariya da babban asibiti da makarantun sakandare suke. Shigar 'ya'yan garin cikin siyasar ƙasa ta ƙara fito da sunansa: Idris Ibrahim Kuta ya riƙe muƙamin Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai daga 1979 zuwa 1983, ya kuma wakilci Neja ta Gabas a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007.

Amma tafkin da ya haɗa kasuwa shi ne kuma ya raba ƙasa. Garuruwan ƙetare, irin su Erena da Allawa da Bassa da Kurebe, sun ƙara nisa da hedikwatarsu, domin wurin da dā ake takawa da ƙafa da rani ya zama sai da jirgi, kuma kifewar jiragen da aka yi wa lodi fiye da kima ta sha cin rayuka. Ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar kuwa suna fama da ambaliya duk lokacin da aka buɗe ƙofofin ruwa a ƙarshen damina. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne ƙauyuka da dama sun daɗe cikin duhu alhali manyan wayoyin lantarki na wucewa ta kan gonakinsu zuwa birane. Irin waɗannan koke-koke ne suka kai ga dokar 2010 wadda ta kafa hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, mai hedikwata a Minna, ko da yake sai da aka shafe kimanin shekara goma kafin ta fara aiki. A halin da ake ciki kuma an gina wata madatsar a Zungeru, mai megawat 700, wadda aka fara a 2013 aka kammala a 2023, ruwanta kuma ya koma baya ya shafi wasu ƙauyukan Shiroro. Ƙasar Kuta ta zama tana tsakanin tafkuna biyu.

6.0 Kuta a Matsayin Mafaka

Nisan ƙetare da ƙarancin hanyoyi sun bayyana illarsu sosai da matsalar 'yan bindiga ta bazu daga Zamfara da Birnin Gwari zuwa dazuzzukan Allawa. A watan Afrilu na 2021 Gwamna Abubakar Sani Bello ya bayyana cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a ƙauyen Kaure na Shiroro. A watan Yuni na 2022 aka kai hari wurin haƙar ma'adinai a Ajata Aboki, inda sojoji da 'yan sanda da dama suka rasa rayukansu. A cikin waɗannan shekaru dubban manoma suka bar ƙauyukansu, da yawa daga cikinsu ta jirgin ruwa, suka sauka a makarantun firamare da gidajen 'yan'uwa a Kuta da Gwada da Zumba.

Wannan ya ƙara yawan jama'ar Kuta, amma ba irin ƙaruwar da ke raya gari ba ce. Manomin da ya bar gonarsa ya zo da baki ne ba tare da rumbu ba, kuma doyar da ba a noma a ƙetare ba ita ce wadda ba ta zo kasuwar Zumba da Gwada ba. Masu nazarin tarihi za su ga kamanni da ƙarni na 19, lokacin da mutanen ƙauyuka ke gudowa cikin ganuwa. Abin da ya sauya shi ne a yanzu ruwan tafki ne ke tsakanin mai gudu da mai kora.

7.0 Alamun Tarihi a Harshe

Duk matakan da aka ambata sun bar sawu a harshe. Sunayen garuruwa irin su Galadima Kogo da Sarkin Pawa da Kafin Koro suna nuna daɗewar hulɗa da sarautun Hausa da fatakenta tun kafin Turawa. Sunan Minna na Gbagyi ne, kuma bisa ga bayanin da aka saba ji daga masu harshen yana da nasaba da wuta, saboda wata tsohuwar al'ada ta kashe wutar gidaje a kunna sabuwa a kowace shekara. Amma unguwannin da suka taso a gefen dogo kusan duk da Hausa aka raɗa musu suna: Kwangila, Limawa, Maƙera, Sabon Gari, Tudun Wada. Mafi ban sha'awa a cikinsu ita ce Ƙetaren Gwari, domin sunan yana nuna cewa wanda ya raɗa shi yana tsaye ne a cikin sabon gari, yana kallon masu ƙasa a matsayin mutanen ƙetare.

Hausa ita ma ta adana hoton Bagwari ta fuska biyu. “Kayan gwari”, wato tumatir da tattasai da albasa da makamantansu, da “'yan gwari” masu sayar da su, suna tuna da shi a matsayin manomi mai ciyar da kasuwa. “Gwaranci” kuwa, wato maganar da ba ta fita sosai, da “gwari-gwari”, wato bayani a sauƙaƙe, sun samo asali ne daga yadda Bahaushe ya ji Hausar baƙon bakinta. Irin wannan amfani na cikin dalilan da suka sa masu harshen suka fi son a kira su da sunan da suke kiran kansu, wato Gbagyi.

A kasuwannin bakin tafki, inda manomi Bagwari da masunci baƙo da Bafulatani da direban mota ke haɗuwa, Hausa ce harshen ciniki. Haka nan a wuraren da 'yan gudun hijira suka taru, yaran da iyayensu ke magana da Gbagyi ko Bassa ko Gurmana suna tashi tare, kuma Hausa ce ta haɗa su. Ga ƙananan harsuna irin Gurmana, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga zaman masu su a 'yan ƙauyuka ƙalilan, watsewar ƙauyen na iya zama watsewar harshen.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa Kuta ta ratsa matakai huɗu: babban garin manoma a zamanin hare-hare, mai sunan yanki a farkon mulkin Turawa, garin da dogo ya kauce wa har sarautarsa ta koma Minna, sa'an nan hedikwatar ƙasa mai gaɓar tafki wadda ta zama mafakar mutanen ƙetare. An kuma ga cewa samun gaɓa kaɗai bai isa ya mai da gari cibiyar ciniki ba, matuƙar babu hanyoyi da gadoji da amintattun jiragen fito da za su haɗa gaɓar da ƙauyukan da ke noma abin da za a sayar, kuma matuƙar manomi ba zai kwana a gonarsa lafiya ba.

Ga masana harsuna akwai aiki na gaggawa. Ƙauyukan da ruwa ya shanye da waɗanda aka gudu aka bari suna da sunayen duwatsu da rafuka da gonaki da wuraren bauta, kuma a cikin waɗannan sunaye tarihin ƙasar yake. Dattawan da suka san su suna zaune yanzu a Kuta da Gwada da Zumba, wuraren da mai bincike zai iya isa. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'i su tura ɗalibai su ɗauki waɗannan sunaye da labaransu daga bakin masu su, tun suna raye.